Babbar Waya ko Kyamara ta Hannu? Shawara ga Mai Son Hoton Jarida a Sakkwato

Ɗan ƙanwata ya gama hidimar ƙasa ya dawo gida Mabera da ɗan abin da ya tara na alawus, mahaifiyarsa kuma ta sayar da tumakinta biyu ta cika masa. Wata Laraba bayan la'asar ya same ni a shago, ya durƙusa muka gaisa, sannan ya ce, "Kawu, shawara niz zo nema. Hoton jarida nika son yi, kuma kuɗɗin ga ba su sayen abu biyu. Ko babbar waya, ko kyamara ta hannu. Wace kag gani?"

Na ce ya je ya dawo jibi. Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, kuma na san samari da 'yan mata da yawa a garin nan suna juya ta a zuci.

Ni da fim na koyi sana'a. Naɗi ɗaya hoto 36 ne, kowace latsawa kuɗi ce, don haka sai ka auna kafin yatsa ya motsa. Ka ɗauki taro da hantsi, ka ruga wurin wanki, ka zaɓi biyu ko uku, ka sa a ambulan ka kai tasha a ba direban Kaduna. In hoton ya fito a jarida bayan kwana biyu, an yi sauri. Ba mu san cewa tun 1975, shekarar da aka kafa jami'ar garin nan, wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya riga ya haɗa kyamarar da ba ruwanta da fim ba. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya, baƙi da fari, a kan kaset. Daga wannan akwatin aka taho. Nikon D1, kyamara marar fim ta ƙwararru, ta fito a 1999, jaridun duniya suka fara rufe ɗakunan wanki. iPhone ta zo a 2007. Jarin Kodak ɗin kansa ya karye a Janairun 2012. A Mayun 2013 jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta sallami dukkan masu ɗaukar hotonta, mutum 28, ta ce wakilai su koyi ɗauka da waya. Tun daga ranar ake yi wa sana'armu ta'aziyya, ita kuwa tana nan da ranta, kama kawai ta sake.

Yaron abu biyu ya ambata, amma uku ne a kasuwa. Akwai waya. Akwai kyamara mai madubi, wadda 'yan kasuwa ke kira DSLR: a cikinta akwai ɗan madubi da ke turo hasken zuwa idonka, in ka latsa ya ɗaga, shi ne ƙarar da kake ji. Sai marar madubi, wadda Panasonic ya fara fitarwa a 2008, Sony ya ɗaukaka ta daga 2013, Canon da Nikon suka shigo da ƙarfi a 2018. Can duniya ta dosa. Kamfanin dillancin labarai na AP ya sanar a 2020 cewa ma'aikatansa za su koma Sony, kuma a shekarar ce Canon da Nikon suka fitar da manyan masu madubinsu na ƙarshe, 1D X Mark III da D6. Faɗuwar wani tashin wani: abin da Turai da Amurka ke saukewa shi ke cika shagunan kayan hannu a Legas da Kano, da lafiyarsa.

Da ya dawo, abin da na fara tambayarsa shi ne: daga ina za ka tsaya? Wanda bai taɓa aikin ba yana zaton shi ke zaɓar wurin tsayuwa. Ranar sallah, idan Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya fito zuwa Fakon Idi, dogarai da jami'an tsaro ne ke zaɓa maka, kuma ba kusa za su ajiye ka ba. A filin wasa na Giginya bayan layi kake. A Argungu, sa'ad da aka ba masunta izini suka afka gulbin Matan Fada da goruna da homa, kana bisa gaɓa cikin turereniya, wanda ya rungumo giwan ruwa kuwa yana tsakiyar gulbi. A irin waɗannan wurare gilashin gaban kyamara shi ne ƙafarka. Gilashin nesa mai tsawon milimita 55-250 na Canon ko 70-300 na Nikon zai kawo maka fuskar mutum har da zufar goshinsa, daga inda waya ba ta ganin komai sai taron kawuna. Idan ka sa yatsu biyu ka buɗa allon waya don ka zuƙo, yawancinsu ba su matso da komai ba. Tsakiyar hoton suke yankowa su hura shi, manhaja ta cike gurbin da hasashe. Shi ya sa rawani ke fitowa kamar an shafe shi da auduga, aikin zaren babbar riga ya narke. Wayoyi mafi tsada suna da ɗan gilashin nesa na gaske, suna kuma yin abin a yaba da rana, sai dai kuɗin sabuwa ɗaya ya sayi kyamara ta hannu da gilasai biyu har a ba ka canji.

Sai haske. Mai shago zai nuna maka kwali an rubuta megafiksel 108, wato ɗigo miliyan 108 da ke haɗuwa su zama hoto, ya ce ta fi tsohuwar kyamara mai 18 ko 24. Ga yadda abin yake. A bayan kowane gilashi akwai ɗan faranti mai karɓar haske, shi ake kira sensa. Na Nikon D3300 milimita 23.5 ne da 15.6, na manya irin Canon 5D 36 ne da 24, daidai girman fim ɗinmu na da. Na yawancin wayoyin da ke aljihun mutane bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, na D3300 ya ninka shi kusan sau goma. Idan ana ruwan sama wani ya tara daro wani ya tara kofin shayi, ko an raba cikin kofin gida 108 ruwan bai ƙaru ba. Masu ƙera wayar sun san da haka, shi ya sa take haɗe ɗigo tara su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai megafiksel 12. Dabarar da take rufe wannan rashi da ita ita ce ta ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta gauraya su. Ga abin da ke tsaye, kamar ƙofar Hubbaren Shehu da almuru, dabarar tana ci ƙwarai, har takan ba ni mamaki. Amma ɗan dambe ya kai naushi da dare ƙarƙashin fitilar janareto, ko malami ya ɗaga hannu a tafsirin azumi, sai hannun ya zama hayaƙi. Abin da jarida ke nema kuwa ba kasafai yake tsayawa ya jira ka ba.

Akwai abin da masu tallar kaya a YouTube ba za su gaya maka ba, don ba a Sakkwato suke ba: rana da ƙura. Apple ya rubuta cewa an yi iPhone don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Littafin yawancin kyamarorin Canon da Nikon 40 ya ce. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu haura 40 abin yau da kullum ne. Duka biyun suna jigata, amma waya ta fi saurin sarewa: ga bidiyo, ga neman sabis, ga allo na kokawa da hasken rana, sai ta dusashe ko ta rufe kyamarar har sai ta huce. Na ga wakili a taron siyasa yana yi wa wayarsa fifita, ana tsakiyar jawabin da aka aiko shi ya ɗauka. Mai madubi ba ta dogara da allo ba; ka kafa ido a ramin leƙe kana ganin komai ta gilashi, ko rana na tsakar ka. Nan ne kuma sirrin batirinta. Gwajin masu ƙera ya ba Nikon D3500 hoto 1,550 a caji ɗaya, Sony a6000 marar madubi kuwa kimanin 360. Wanda zai kwana biyu a Gada ko Tangaza ba tabbacin wuta ya san darajar wannan tazara.

Da hunturu marar madubi ce ta fi shan wuya. Ka cire gilashi don ka sauya, farantin na nan a buɗe yana kallon iska, alhali a mai madubi akwai madubi da labule (ɗan murfin da ke buɗewa ya rufe a kowace latsawa) a gabansa. Ƙura ɗaya ta zauna, duk hoton da sama ta fito a ciki sai ka ga ɗigo a wuri guda. Waya ta huta da wannan, a rufe take ruf. Ni daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba na sauya gilashi a fili. Sai cikin mota ko ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa.

Kada a ɗauka na raina waya. Ranar da gobara ta tashi a Babbar Kasuwa a Janairun 2021, hotunan farko da na gani na 'yan kasuwa ne da masu wucewa, a WhatsApp, kafin wani mai jakar kyamara ya iso. Tuna ambaliyar daminar 2010, da Gulbin Rima ya yanke hanyar jami'a ya ci garuruwa a yankin Goronyo. Da wayoyin yau ne a hannun mutane a lokacin, da tarihin da ya rage mana ya fi haka yawa. Waya kullum tana aljihu: ita ce kyamara, ita ce rikoda, ita ce direban Kaduna. Editan yau yana son rubutu da hoto da gajeren bidiyo daga mutum ɗaya, kuma yanzu-yanzu. Kyamara ko ta miliyan nawa ce, sai hotonta ya bi ta waya kafin ya isa gare shi.

Akwai ma wuraren da babbar kyamara alhaki ce ga mai ita. Wanda zai shiga yankin Isa ko Sabon Birni ya ji ta bakin waɗanda hare-hare suka raba da gidajensu, baƙar jaka da dogon gilashi suna shelar zuwansa tun daga tasha, su jawo masa abin da ba ya so, su jawo wa wanda ya yi magana da shi. Ko a cikin gari, dattijuwar da za ta saki jiki gaban waya, da ta ga ƙaton gilashi sai ta ja mayafi. 'Yan matan da ke sha'awar sana'ar nan su riƙe wannan da kyau: rabin rayuwar Sakkwato tana bayan zaure, inda ni da ɗan ƙanwata ba mu da shiga. Masu saƙa, masu ƙuli-ƙuli, ungozoma, makarantun matan aure da suka gaji tafarkin 'Yan Taru na Nana Asma'u. Mace mai waya mai kyau da ladabin neman izini za ta fito da hotunan da babu namijin da zai samu, ko wace irin kyamara ya rataya. Neman izinin nan kuwa wajibi ne. A garin nan akwai masu ƙin hoto don addini, akwai masu ƙi don kunya, kowannensu yana da haƙƙi, kuma ƙanƙantar waya ba ta halatta ɗaukar mutum a sace ba.

Maganar abinci ma dole a yi ta. Jarida kaɗai ba ta riƙe mai hoto a jiha, ba yau ba. Abin da ke biyan haya shi ne ɗaurin aure, walimar sauka, suna, naɗin sarauta, da tarukan ƙungiyoyin agaji masu son hoto mai nauyi don rahotonsu. A nan mai kyamara ya yi wa mai waya fintinkau, domin uban amarya ba zai biya ka ka ɗaga irin abin da ke hannun kowane ɗan gayya ba. Sannan waya tana tsufa da wuri: 'yan shekaru kaɗan batir ya gaji, allo ya tsage, daraja ta zube. Canon 600D ta 2011 har gobe tana ciyar da gidaje. Gilashi mai kyau kuwa yakan binne jikin kyamara biyu ko uku, kuma ranar da hali ya samu aka koma marar madubi, akwai zoben haɗi da ke ɗora tsofaffin gilasan Canon da Nikon a kan sababbin.

Inda na fi daɗewa da yaron shi ne maganar gobe, don ita ta fi damuna. Da, in hoto ya fito gardama ta ƙare, gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an bincika. A Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi ya zagaye duniya, alhali ƙirƙirarriyar basira ce ta zana shi. A gida ba sai an kai can ba: duk ranar da aka kai hari wani ƙauye, kafin magariba wayoyi sun cika da hotunan gawawwaki, wasu na shekarun baya, wasu na wata ƙasa, ana cewa na yau ne. Iyayen da 'ya'yansu ke can su kwana ba barci a kan hoton da ba na garinsu ba.

A nan waya tana da haɗarin da tsohuwar kyamara ba ta da shi. Don ta faranta wa mai ita aka ƙera ta, ba don ta ba da shaida ba. Tana goge ƙurajen fuska, tana haska fata, tana ƙara wa sama shuɗi ko da hazo ya rufe gari, sababbi kuma da latsawa ɗaya suna cire mutum daga hoto. A hoton biki babu laifi. A jarida wannan kora ce. A Janairun 2014 AP ya raba gari da Narciso Contreras, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci kyautar Pulitzer kan yaƙin Siriya, saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa da ta leƙo a kusurwar hoto guda. Ka dubi kuma hoton da ya ba ɗan Najeriya Akintunde Akinleye kyautar World Press Photo a 2007: mutum ɗaya yana wanke fuska cikin hayaƙi bayan fashewar bututun mai a Abule Egba da ke Legas. Ƙarfinsa duka yana ga cewa ba wanda ya yi shakkar haka abin ya faru.

Masu ƙera kaya sun fara neman magani. Leica M11-P ta Oktoban 2023 ita ce kyamara ta farko da ke buga wa hoto hatimin da ke nuna na'urar da ta ɗauke shi da gyaran da aka yi masa daga baya, bisa tsarin C2PA. Sony da Canon da Nikon sun bi sahu, wayar Pixel 10 ta Google ma ta zo da shi a 2025. Kafin irin wannan ya sauko daidai aljihunmu, hatiminka shi ne asalin fayil. Kyamara tana ajiye shi a mimori, wato ɗan katin ajiyar hotuna, da lamba bi da bi, da rana da sa'a, da hoton da ya gabace shi da wanda ya biyo, har da ɗanyen fayil ɗin da ake kira RAW, wanda shi ne nagetif, wato asalin fim ɗin da ake wanko hoto daga gare shi, na wannan zamani. Waya ma tana ajiye bayanan, sai dai da ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, an matse shi an kankare su. Tura shi a matsayin takarda, wato Document a WhatsApp, ko ta imel. A ganina, nan da 'yan shekaru edita ba zai biya ɗan Sakkwato don kyawun hoto kaɗai ba, inji ma ya iya kyau. Zai biya ne don wane ya je wurin da ƙafarsa, asalin yana hannunsa, kuma ba a taɓa kama shi da ƙari ba.

Ga abin da na yanke masa. Tunda Tecno ɗin da ke hannunsa tana tura hoto tana ɗaukar murya, kada ya sauya ta. Ya sayi mai madubi ta hannu, ya zuba mafi yawan kuɗin a gilashi: ɗaya na nesa, ɗaya kuma 50mm f/1.8, mafi arha cikin masu shan haske da yawa, shi zai fitar da shi kunya a zaure da taron dare. Da ragowar ya sayi batir na biyu, mimori biyu, abin karanta mimori da ake jonawa a gindin waya, da ɗan famfon roba na hure ƙura. Marar madubi ta jira. Ta fi iya bidiyo da bin idon mutum, wasunta suna ɗauka shiru, abin da ke da daraja a wurin ta'aziyya ko karatu, amma gilasanta da batiranta za su cinye jarin mai farawa.

Da wani ne ya zo, amsar za ta iya bambanta. Wanda rubutu ko rediyo ne asalin aikinsa hoto kuma rakiya, da mai son bidiyon Facebook da TikTok, da wadda aikinta cikin gidaje ne, da mai zirga-zirga a gabashin jiha, duk su sayi waya mai kyau, makirfo na maƙalawa a wuyan riga da fawa banki, su shiga saiti su kashe duk wani gyaran fuska.

Da zai tafi Kano sayayya na rubuta masa a takarda. Ya duba adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, domin labulen ƙananan nan kimanin latsawa 100,000 aka auna masa. Ya haska tocila ta cikin gilashi. Kayan da suka zauna a damshin Legas sukan yi funfuna kamar saƙar gizo, kuma ba ta fita da goge. Ya ɗauki farin bango ya zuƙo ya ga ko farantin na da tabo. In Nikon ce ta jerin D3000 ko D5000, gilashin ya zama mai rubutun AF-S don ya riƙa saita kansa. In yana son jona makirfo, D3300 da Canon 600D da 700D suna da ramin, D3400 da D3500 ba su da shi. Kada kuma ya biya sai ya ɗauka da mimorinsa ya gani a wayarsa.

Ya dawo da 700D da gilasai biyu. Na ce ya ajiye zancen katin shiga gidan gwamnati tukuna, ya fara da majema. Fatar jan akuyar Sakkwato ta daɗe tana kaiwa Turai ta hanyar Maroko, har can ake jingina sunanta, amma ban taɓa ganin jerin hotunan hannayen da ke jeme ta ba wanda ɗan gari ya ɗauka. Na ce kwana ukun farko kyamarar ta zauna a jaka: ya gaida dattawa, ya san wane rami ne na toka wane ne na bagaruwa, ya rubuta sunan duk wanda ya yarda a ɗauke shi. Jiya da dare ya turo mini guda bakwai, a matsayin takarda kamar yadda na ce. Na huɗun ya yi duhu, na shidan ya yanke ƙafar mutumin. Na ce gobe ya koma da sassafe, kafin rana ta hau bango.